Manhajar da ba ta aiki sai da sabis, ba don mu aka yi ta ba

Yayana yana da shagon sayar da magani a Tudun Wada, nan Gusau. Fiye da shekara ashirin yana rubuta cinikinsa a wani dogon littafi mai baƙin bango: kayan da suka shigo, kayan da suka fita, da sunayen waɗanda suka karɓi magani bashi sai ƙarshen wata ko sai amfanin gona ya zo gida. A farkon 2021 wasu samari suka kawo masa manhajar lissafin shago da ake sawa a waya. Ni na matsa masa ya karɓa. Kwamfuta nake koyarwa a makarantar sakandare, saboda haka a irin wannan magana abin da na faɗa shi ake ɗauka a gidanmu. Kuma gaskiya manhajar ta burge ni. Tana nuna maganin da ya kusa ƙarewa a kanta, tana tuna maka wanda kwanansa ya kusa cika, tana haɗa maka cinikin yini ba tare da ka taɓa kalkuleta ba. Sati biyu muka yi muna kwashe abin da ke cikin littafin muna shigarwa, ni ina karantawa, ɗansa yana bugawa. Da muka gama aka tura littafin ƙarƙashin kanta.

A farkon Satumbar shekarar, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jiha ta Bello Matawalle, domin jami'an tsaro su samu damar shiga daji su fatattaki 'yan bindiga. An ce sati biyu za a yi. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sun ƙara makonni da dama a cikin shiru. Duk wanda yake jihar a lokacin bai manta ba. Mutane na shiga mota su tsallake iyakar jiha don kawai su kira ɗan'uwa ko su ciro kuɗi, wasu na ba direbobi wasiƙa a hannu kamar zamanin iyayenmu.

Washegarin da aka ɗauke sabis na biya ta shagon da hantsi. Na tarar da Yaya a tsaye riƙe da waya, wata 'yar da'ira tana ta juyawa a fuskarta. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, wai ina lissafina ya tahi? Ba cikin wagga waya munka sa shi ba?" Na ce, "Yaya, ai ba a cikin wayar yake ba. Yana can a wata babbar kwamfuta ta kamfanin, wayar leƙowa kawai take yi." Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "To wa ya kai shi can?" Ban da amsar da zan ba shi, domin da hannuna aka kai shi.

Ina nan zaune wata tsohuwa ta shigo da kuɗi ɗaure a bakin zane, ta zo biyan bashin maganin hawan jini da ta karɓa wata biyu baya. Yaya ya jawo tsohon littafi ya kaɗe ƙura, amma rubutun ciki ya tsaya tun watan Fabrairu. Ya ce, "Inna, nawa ne kike tunawa?" Ta faɗa, ya karɓa, ya yi mata addu'a. Haka ya yi ta yi har wata guda: kowa ya zo, abin da ya faɗa shi ne. Mafi yawa sun faɗi gaskiya, mun tabbatar da haka bayan sabis ya dawo. Amma akwai kwalin maganin tari na yara da kwanansa ya cika a cikin wannan watan ba wanda ya lura, saboda an riga an sakar wa manhaja aikin lura. Allah Ya tsare ba a sayar wa kowa ba, yaron shago ne ya gani yana share kanta.

Tun daga ranar na sauya ma'aunin da nake auna kowace sabuwar fasaha da shi. Idan an zo mini da labarin manhaja, ko na'ura, ko wannan ƙirƙirarriyar basira da ta cika bakin kowa, tambayata ta farko ita ce: me take iya yi ranar da babu sabis? Idan amsar ita ce ba komai, to wanda ya ƙera ta bai san mu ba, ko kuma ya san mu bai damu ba. Kuma ina ganin bai halatta gwamnati ko asibiti ko makaranta a jihar nan su ɗora rayuwar jama'a a kan irin wannan kaya ba.

Ba na son a ɗauki maganar nan a matsayin muhawara kan ko rufe layukan 2021 daidai ne ko kuskure. Wannan zance ne na daban, kuma na san mutanen kirki a ɓangarorin biyu. Ko babu umarnin kowa, sabis yana ɗaukewa a wurinmu. Turken sadarwa da man dizal yake aiki, kuma sai tanka ta bi hanya ta kai masa man. Idan hanyar Ɗansadau ko ta Zurmi ba ta biyuwa, turken zai yi shiru. Masu aikin titi suna tsinke wayar gilashin da aka binne a ƙasa, ɓarayi suna kwashe batura, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Har manyan birane ba su tsira ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku, irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kamfanoni a Legas da Akara suka shiga ruɗani. A 19 ga Yulin shekarar kuma wani kuskure a sabunta manhajar kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai. Su abin ya zo musu a matsayin bala'in kwana ɗaya ko biyu da za a yi ta ba da labarinsa. Mutumin Bukkuyum ko Maradun da shi yake kwana yake tashi.

Mun sake ɗanɗanawa a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi na zamanin Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci. Aka janye tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000, sababbi ba su wadata ba, aka ce kowa ya koma taransifa. A kasuwa na ga mai tumatir da mai saye sun tsuguna gefe guda kusan awa ɗaya suna jiran alat, an cire kuɗi daga asusun wannan, bai shiga na wancan ba, ga tumatir a leda tsakaninsu ba mai iya ɗauka. Ba banza ba Zamfara tana cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kan lamarin, har kotu ta yanke a 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. An rufe ƙofar da mutane suka sani kafin a tabbatar sabuwar tana buɗuwa.

Me ya sa ake ƙera manhajoji haka? Ba mugunta ba ce. Mai rubuta manhaja a Legas ko Bangalo ko Kalifoniya yana zaune ne a ɗakin da intanet ba ta yankewa, a nan yake gwada aikinsa, a nan yake ganin ya yi. Sannan ajiye komai a kwamfutar kamfani ya fi masa sauƙi: wuri ɗaya zai gyara idan an samu matsala, kuma ba zai sha wahalar daidaita bayanan wayoyi dubu da suka sha bamban ba. Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa ba. Idan lissafinka yana hannunsa, duk wata sai ka biya shi kafin ka ga abinka. Ranar da ka daina biya, ko shi ya rufe kamfani, ka rasa shekarun rubutunka. Samarin da suka kawo wa Yaya tasu ba su ɓoye masa wannan ba, mu ne ba mu tambaya ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, maganin wannan ba sabon ilimi ba ne da ake jiran a gano. Kowa ya san ɗan agogon nan da ke fitowa a gefen saƙo a WhatsApp idan babu data. Ka rubuta, wayar ta karɓa ta ajiye, ta yi ta jira, da zarar sabis ya leƙo ta tura ba tare da ka sake taɓa ta ba. Wannan shi ne dukkan sirrin. Manhaja ta fara ajiye bayani a cikin wayar mai ita, ta yi masa aiki da abin da ke hannunta, ta jera abubuwan da za ta aika kamar yadda ake tara wasiƙu kafin motar kasuwa ta tashi, idan hanya ta buɗe ta aika, ta kuma karɓo abin da ya taru a can. Kayan yin haka suna cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu. Akwai wani ƙaramin rumbun ajiye bayanai mai suna SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000. Tunaninsa ya zo masa ne yana aikin manhaja ta jirgin ruwan yaƙi na Amurka, inda ya ga ba daidai ba ne manhaja ta tsaya cak don kawai wata kwamfutar ajiyar bayanai ta ƙi amsawa. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Da a ce da shi aka gina manhajar shagon Yaya, da littafinsa bai je ko'ina ba.

Ba zan ce babu wahala a ciki ba, domin ni ma na ɗan taɓa rubutun manhaja na san inda gizo ke saƙa. A ce shago yana da waya biyu, ɗaya a hannun mai shago, ɗaya a hannun yaronsa da ke reshe a Kwatarkwashi, duka babu sabis. Kowannensu ya rubuta cewa Malam wane ya biya dubu biyar daga bashinsa. Da sabis ya dawo, manhaja za ta ɗauka biya biyu aka yi, ko biya ɗaya ne aka rubuta sau biyu? Dole wanda ya ƙera ta ya zauna ya yi tunanin irin waɗannan, ya sa wa kowane rubutu lamba da lokaci da sunan wanda ya yi shi, ya yanke inda na'ura za ta sasanta da kanta da inda za ta tsaya ta tambayi mutum. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ba a liƙa shi daga baya, tun ran gini ran zane. Amma masu rubuta manhaja sun san darajarsa sarai idan abin ya shafi kansu. Babban kayan aikinsu na ajiye rubutu, Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, an gina shi ne yadda kowane ma'aikaci yake da cikakken kwafin aikin a kwamfutarsa, ya yi ta aiki ko yana cikin jirgin sama, daga baya a haɗe. Abin da suka ga ya dace da su, mai shagon magani ma ya cancance shi.

Kuma mun ga irin wannan tana aiki a ƙasar nan. Ma'aikatan yaƙi da shan inna sun daɗe suna amfani da wayoyi masu manhajar ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washintan. Suna cike fom a rugar da ba ta taɓa ganin sabis ba, wayar ta riƙe har da wurin da aka tsaya, idan sun fito gari ta tura. Na'urar BVAS ta zaɓen 2023 ma darasi ce mai fuska biyu. Tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska bai buƙatar intanet, domin rajistar rumfar tana cikin na'urar, kuma wannan ɓangaren ya yi aiki a ƙauyuka da yawa. Inda rigima ta tashi shi ne ɗora hoton sakamako a shafin IReV, ɓangaren da ya dogara da sabis da kuma manyan kwamfutocin hukumar, wanda INEC da kanta ta ce ta samu tangarɗa a kansa a zaɓen shugaban ƙasa. Ko a bakin kasuwa, dubi samarin da ke zaune da kwamfuta suna tura wa mutane karatun malamai da waƙoƙi da finafinai a memori, ko yara da ke musayar abubuwa ta Xender ba tare da kashe data ba. Jama'armu sun riga sun ƙirƙiro hanyar yaɗa bayani da ba ta jiran kamfanin waya. Masu ƙera manhaja ne ba su sunkuya sun kalla ba.

Wani zai ce to ban da kuɗi, domin idan ba a tambayi banki nan take ba, mutum zai iya kashe naira ɗaya a wuri biyu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ɓangare mafi wuya. Amma wuya daban, gagara daban. Babban Bankin Indiya ya fitar da tsari a Janairun 2022 da ya ba da damar biyan ƙananan kuɗi ba tare da intanet ba, ya sa iyaka: rufi 200 a ciniki ɗaya a farkon tsarin, kuma jimlar abin da za a ajiye don haka kada ta wuce rufi 2,000. Ka ga an rage girman asarar da za a iya yi, an bar mai sayen shayi da mai shiga mota su wuce. M-Pesa, manhajar tura kuɗi ta waya ta Kenya, da ta fara a 2007, a kan ƙananan wayoyi masu madannai ta kafu, da saƙon tes kawai. Mu aka ƙaddamar mana da eNaira, nairar cikin waya ta Babban Bankin Najeriya, a Oktoban 2021, a daidai lokacin da yawancin Zamfara ba ta iya ko kiran waya. Ina so masu tsara harkar kuɗi su riƙa tuna wannan.

Akwai kuma masu cewa maimakon in ɓata baki kan manhajar da ke jure rashin sabis, gara in nemi a kawo sabis ɗin. Ina nema. Ina so in ga wayar gilashin nan mai tsawon kilomita 90,000 da ministan sadarwa Bosun Tijani yake magana a kai ta ratsa ta Gummi da Shinkafi. Na san Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma na ga farantinta a kan rufin wasu ofisoshi da kafe a Gusau. Sai dai kuɗin kayanta dubbai ɗaruruwa ne, ga kuɗin wata, ga buƙatar wuta ko sola. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ko sabis ya cika gari, mai sayar da ƙosai ba kullum take da data ba. Rashin kuɗin data da rashin turke, a wajen manhaja duk abu ɗaya ne, 'yar da'irar nan ce za ta yi ta juyawa. Neman hanya mai kyau bai hana mutum sayen motar da ke iya shiga laka ba.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022 ɗalibaina ba su da hira sai tata, kuma ni ma ina amfani da irinta wajen shirya darasi, ba zan ɓoye ba. Amma a lura da yadda take aiki. Duk tambayar da ka rubuta sai ta bar wayarka, ta bi turke, ta bi wayar ƙarƙashin teku, ta isa wani katafaren ginin kwamfutoci a wata nahiya, amsa ta biyo hanya ta dawo. Ita ce manhaja mafi dogara da sabis da aka taɓa kawo mana. Idan muka bari aikin malamin gona da na ma'aikacin asibitin ƙauye suka rataya a kanta yadda take, to mun sake tura littafi ƙarƙashin kanta.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne akwai wani reshe na wannan fasaha da ke tafiya ta inda nake so. Kamfanoni sun fara fitar da ƙananan samfuran ƙirƙirarriyar basira da ke iya zama a cikin waya su yi aiki a nan. Meta ta fitar da irinsu a cikin Llama 3.2 a Satumban 2024, Google ma tana da nata. Tun kafin su akwai manhajar Nuru ta PlantVillage, daga Jami'ar Jihar Fensilbeniya tare da cibiyar binciken noma ta IITA. Manomi zai haska ganyen rogo ko masara da kyamarar waya, ta gaya masa ko cuta ce ko tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Afirka a 2016, kuma duk a gona, ba tare da data ba. Irin wannan nake so a yi wa gero da dawa da wake da auduga, da shinkafar Bakolori. Sannan ta yi magana da baki, domin da yawa daga manomanmu ajami suke karantawa ko saƙon murya suka saba da shi. Kuma ta ji Hausarmu. Google Translate ta sa Hausa tun 2013, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da samfurin ƙirƙirarriyar basira N-ATLaS mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo a 2025, duk na yaba. Amma tsohon da zai ce "mi kaka hwaɗi" ko "shina nan tahe" yana da haƙƙin na'ura ta gane shi kamar yadda take gane mutumin Kano. Wannan ba zai samu ba sai mu da kanmu mun naɗi muryoyin mutanenmu, da izininsu, mun rubuta, mun ajiye.

Gwamnatin jiha ita ce babbar mai sayen manhaja a Zamfara, kuma mai saye shi ke da baki. Tantance ma'aikata, biyan albashi, karɓar haraji, katin marasa lafiya, rajistar ɗalibai, rabon taki, duk yanzu ana mayar da su kan kwamfuta, kuma ina goyon baya, domin na san ɓarnar da ake yi a cikin fayil ɗin takarda. Roƙona shi ne a sa sharaɗi ɗaya a kowace kwangila. Kafin a biya ɗan kwangila, a ɗauki manhajarsa a kai ta ƙaramin asibiti a Bakura ko Tsafe, a cire layi daga na'urar, a bar ma'aikatan wurin su yi aiki da ita sati guda. Idan ta karɓi marasa lafiya, ta nuna tarihinsu, ta riƙe abin da aka rubuta, ta tura shi daidai da aka mayar da layi, a sa hannu. Idan ta tsaya, a mayar masa ya gyara. Gwajin da ake yi a ɗakin taron otal da intanet mai ƙarfi da majigi ba ya nuna komai. A kuma rubuta a kwangilar cewa bayanan na jiha ne, ana iya fitar da su a kowane lokaci a sigar da wata manhaja za ta iya karantawa. Sannan kada a rufe ƙofar takarda ga wanda na'ura ta ƙi shi. Tsohon da noma ya cinye zanen yatsunsa bai yi laifin da za a hana shi fanshonsa ba.

Batun jarrabawa ya fi taɓa ni, domin ina ganin yaran kullum. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa WAEC da NECO ma can za su nufa. Akwai yaran da ke zuwa mana daga ƙauye ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Abin da za a yi musu a bayyane yake: 'yan kwamfutoci, faranti biyu na sola, da ƙaramar na'ura ɗaya a ofishin shugaban makaranta da aka loda wa littattafai da tsofaffin tambayoyi da Wikipedia ta hanyar Kiwix, ko darussa ta Kolibri. Duka biyun kyauta ne, kuma don makarantun da ba su da intanet aka yi su. Sau ɗaya a zango wani ya kawo sababbin abubuwa a filashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, yaron da ya fara ganin allon kwamfuta a ɗakin jarrabawa an riga an zalunce shi.

Wa zai rubuta mana waɗannan manhajoji? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da sashen kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga kuma matasan da suka shiga 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koya wa matasa fasahar kwamfuta. Ina roƙon malamansu, waɗanda da yawa abokaina ne, su daina karɓar aikin kammala karatu da aka kwafo daga intanet aka canza masa suna. A tura ɗalibi wajen dillalin hatsi, ko mai adashe, ko shugaban ƙungiyar masu Keke Napep, ya zauna da su sati biyu ya ga yadda suke rubuta lissafi, ya gina musu abin da zai yi aiki a wayar dubu arba'in mai fasasshen gilashi. Yanzu da na'ura ke taya su rubuta manhaja, aikin ya yi sauƙi, amma na lura idan ba ka gaya mata halin da kake ciki ba, irin ta masu intanet za ta rubuto maka, domin irinta ta fi gani. Sanin halin da ake ciki shi ne abin da ɗan Zamfara ya fi kowa, kuma abin sayarwa ne, domin daga Nijar zuwa Chadi zuwa Sudan miliyoyin mutane suna rayuwa da irin sabis ɗinmu.

Akwai haɗari ɗaya da dole in faɗa, tun da ni nake cewa a ajiye bayani a waya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, a hanyoyinmu ana ƙwace ta da bindiga. Idan sunayen masu bashi ko na marasa lafiya suna ciki a buɗe, an jefa mutane cikin wani hali. Saboda haka dole a kulle bayanan yadda ba mai karanta su sai da lambar sirri, kuma duk lokacin da sabis ya samu a tura kwafi wani wuri. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗora wannan nauyi a kan duk mai tara bayanan mutane. Ban ce a yi watsi da kwamfutar nesa ba. Ta zama rumbun ajiya na biyu, hatsin da za a ci yau ya kasance a cikin gida.

Bara wani yaro da na taɓa koyarwa, wanda ya gama karatu a Ƙaura, ya je wa Yaya da tasa manhajar. Ina shagon a ranar. Ya fara bayani, Yaya ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ɗana, tsaya. Hidda layin nan, ka kashe data, sannan ka gwada mani." Yaron ya cire layi, ya taɓa manhajar, ta tsaya a shafin farko tana neman intanet. Kunya ta kama shi. Yaya ya ba shi labarin tsohuwa mai kuɗi a bakin zane da kwalin maganin tari, ya ce ya je ya yi tunani. Bayan babbar Sallah ya dawo. Wannan karon ta buɗe ba layi, ta karɓi ciniki, ta nuna bashi, ta yi gargaɗin maganin da kwanansa ya kusa. Haɗa waya biyu ne bai gama ba, ya ce har yanzu idan an rubuta biya ɗaya a wuri biyu tana ninka shi, yana kan gyara. Yaya ya yarda ya riƙa biyansa wani abu duk wata, da sharaɗin baƙin littafi zai ci gaba da zama a kan kanta ana rubutawa a duka biyun. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan biya in gwada jimlar littafi da ta waya. A watanni huɗu sau biyu suka saɓa, ɗaya yaron shago ne ya manta bai rubuta a littafi ba, ɗayan kuma kuskuren manhajar ne wajen lissafin rabin kwali, na kira mai ita ya zo da yamma a kan babur ya gyara a nan gaban kanta.